Ƙwaya huɗu a wata: yadda wani ƙauye a kudancin Nijar ya yi da masassarar damina, 2005 zuwa 2025

## Ƙauyen da ciwonsa

Ƙauyen yana kudancin Jamhuriyar Nijar, a yankin noman gero da ke tsakanin Maraɗi da Damagaram, ba nisa da iyakar Najeriya. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma na mutanensa. Hausawa ne manoma, sai wasu rugagen Fulani a bayan gari. Akwai ƙaramin ɗakin shan magani mai ma'aikaci ɗaya. Babbar likita, inda majo yake, wato shugaban ma'aikatan jinya, tafiyar wajen sa'a biyu ce a amalanke idan ƙasa ta bushe. Idan marka ta kankama fadamar da ke tsakani ta cika, tafiyar takan cinye rabin yini.

Ciwon garin, masassarar cizon sauro wato maleriya, yana da lokacinsa kamar shuka. Ruwa ya sauka a Yuni, tabki da kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini su cika, sauro ya hayayyafa, sai bayan 'yan makonni yara su fara kwanciya. Daga Agusta zuwa Oktoba abin ya fi tsanani. Wannan kuwa shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, uwa tana gona tun hantsi. Sai tamowa da masassara su taru a kan yaro ɗaya: jiki zafi rau, amai, tafin hannu fari fat saboda ƙarancin jini, wani lokaci har taune-taune.

Tsofaffi kan ɗora laifin a kan tumu ko ɗanyar masara, kuma ba wauta ba ce, tunda kowace shekara tare suke zuwa da zazzaɓin. Yaron da ya fara taune-taune kuwa, iska ake fara zargi. A nemi rubutu, a yi hayaƙi, sai abin ya gagara a ɗaura wa sa amalanke. Da yawa a kan hanya suke cikawa.

## 2005 zuwa 2011: sabon magani, gidan sauro, da jinya kyauta

Abu uku aka gwada a waɗannan shekaru, kuma babu wanda za a ce bai yi amfani ba.

Kulorokin, wanda kowa ya sani a teburin mai tireda, ya daina kashe ƙwayar cutar yadda ya saba. A 2005 Nijar ta sauya zuwa haɗin magani mai sinadarin artemisinin. Maganin yana aiki, amma sai yaro ya isa inda yake.

A Disamban 2005 da Maris ɗin 2006 aka raba gidan sauro mai magani kimanin miliyan biyu a faɗin ƙasar, tare da ɗigon shan-inna. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a lokacin rani yara wajen 15 cikin 100 ne kawai ke kwana a ciki, amma da damina adadin ya haura rabi. A 2009 aka sake rabo, kusan miliyan uku, da kuɗin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya. Ƙungiyar da aka damƙa wa kuɗin da ɗawainiyar rabon ita ce Catholic Relief Services, wato CRS. A ƙauyenmu sange, wato gidan sauron, ya shiga kusan kowane ɗaki. Sai dai mutane a waje suke hira har dare ya raba, yara na barci a tabarma gefen iyayensu, kuma sangen da kara ya soka ko ɓera ya ci ba ya kai shekara uku da lafiyarsa.

Na uku shi ne jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wadda aka zartar a 2006, ta fara aiki sosai a 2007. Mata sun yi tururuwa zuwa likita. Amma tsarin ya dogara ne a kan gwamnati ta riƙa mayar wa asibitoci kuɗin da suka kashe, biyan kuwa ya yi ta jinkiri, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa. Uwa ta tsallake fadama, a rubuta mata takarda, a ce ta je ta saya.

Duk da haka ƙasar ta ga sauyi. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Abin da bai gusa ba shi ne tudun nan na Agusta zuwa Oktoba.

## 2012 zuwa 2014: a ba mai lafiya magani

A Maris ɗin 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata shawara ta musamman ga ƙasashen Sahel, inda aƙalla kashi 60 cikin 100 na masassarar shekara ke faɗowa cikin wata huɗu. Maimakon a jira yaro ya kwanta, a ba shi cikakken maganin maleriya sau ɗaya kowane wata a tsawon damina, ko da lafiyarsa ƙalau, don jininsa ya zauna da magani lokacin da sauro ya fi yawa. Gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Mali da Burkina Faso sun nuna hakan na kawar da kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa.

Ƙa'idar a bayyane take. Yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ranar farko ƙwaya biyu: sulfadoxine-pyrimethamine, wanda aka fi sani da Fansida, da amodiaquine. Rana ta biyu da ta uku amodiaquine ɗaya-ɗaya. Ƙwaya huɗu ke nan. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya suna shan rabin ƙarfin na manyansu. Bayan kwana 28 a maimaita, har zagaye huɗu, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Yaron da jikinsa ke da zafi ba a ba shi, sai a tura shi a yi masa gwajin jini. Haka wanda ke shan maganin kotirim, ko wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan dangin sulfa. Ma'aikatan lafiya a Nijar suna kiran shirin CPS, taƙaicen sunansa da Faransanci.

A 2013 ƙungiyar Likitocin Na Gari Na Kowa, MSF, ta fara shi tare da ma'aikatar lafiya a wasu gundumomi kamar Magarya da Madawa. Ƙauyenmu bai shiga ba. Labari kawai aka ji a kasuwa, cewa a wani wuri ana ba yara masu lafiya magani. Wasu suka ce to wannan kuma wane irin abu ne.

## 2015: zagayen farko, a gindin bishiya

Bishof-bishof na Katolika na Amurka ne suka kafa CRS a 1943 don agaza wa waɗanda yaƙin duniya na biyu ya raba da gidajensu a Turai. Hedikwatarta na Baltimore, kafin 2025 tana aiki a ƙasashe fiye da 100, kuma tana Nijar tun 1991, ƙasar da Kiristocinta ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. Manufar da take furtawa ita ce buƙata ake dubawa, ba addini ba.

A 2014 hukumar Unitaid, mai ba da kuɗin ayyukan lafiya a duniya, ta ware dalar Amurka miliyan 67 don a faɗaɗa maganin damina a ƙasashe bakwai, a ƙarƙashin shirin ACCESS-SMC. Ƙungiyar Malaria Consortium ta Birtaniya ce jagora, ita ta riƙe Burkina Faso da Cadi da Najeriya, inda aka yi aikin a Sakkwato da Zamfara. CRS ta riƙe Nijar da Mali da Gini da Gambiya. Aikinta ba ɗura wa yara magani ba ne. Wannan na ma'aikatar lafiya ne da mutanen da aka zaɓa a gari. Nata shi ne ƙiyasin yawan yara, da kai kwalaye har gunduma kafin hanya ta lalace, da horar da masu rabo, da buga katuna da rajista, da man babur na masu duba aiki, da lissafin kowace ƙwaya.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Kamfani ɗaya ne tak a duniya, Guilin na ƙasar Sin, ke yin wannan haɗi da ingancin da aka amince da shi, kuma abin da ya fitar bai kai yadda aka tsara ba, dole aka rage yawan yaran da za a fara da su. Sannan a watan Janairun shekarar, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, aka ƙona coci-coci da dama, aka rasa rayuka. Ga kuma tsohon tabon jita-jitar allurar shan-inna ta 2003, wadda ta tsallako daga Kano ba ta gama mutuwa ba.

A ƙauyen, kafin ranar rabo, majo ya zo ya zauna da mai gari da liman. Tambayar da aka yi masa ita ce wadda ake tsammani: ba maganin hana haihuwa ba ne? Ya ciro fakiti ya nuna musu, ya ce Fansida ne da matansu ke sha wajen awon ciki, da wani maganin masassara da suka daɗe da sani. Liman ya yi bayani bayan sallar Juma'a. Jikokin mai gari aka fara ba wa a gaban jama'a. Batun su wane ne suka kawo bai yi nisa ba, domin duk wanda aka gani da fakiti a hannu ɗan gari ne ko ma'aikacin likita, kuma ba wanda ya yi wa kowa wa'azi.

Wurin rabo ɗaya aka ware, gindin bishiyar ƙofar gidan mai gari, kamar yadda aka fi yi a Nijar a wannan shekara. Mai shela ya zaga. Zagayen Agusta ya cika maƙil. Ƙwayoyin masu tauri ne, amodiaquine kuma ɗaci gare shi kamar maɗaci. Sai an daka tsakanin cokali biyu, a zuba ruwa da sukari, a riƙe yaro a ɗura. Wanda ya sha sai ya zauna minti 30 a ga ko zai amayar. In ya amayar a sake ba shi sau ɗaya. Layi ya yi tsawo, rana ta take, kuka ya cika wurin.

Wata mata mai 'ya'ya uku 'yan ƙasa da shekara biyar ta zo da goyo ɗaya, tana jan ɗaya. Mai rabo ta ce, «Yaya, ina na tsakiyan?» Ta ce, «Yana wajen kakarsa, hannuna biyu ne, ƙanwata.» Ba ta dawo da shi ba, don daga nan gona ta wuce.

Daga zagaye na biyu layi ya fara raguwa. Lokacin noman ƙarshe ne, sai kuma girbin wake da gero. Matan da ke kulle ba su fito ba tun farko, sai dai a aiko 'yar shekara tara da ƙaninta, ita kuma ba za ta riƙe bayanin ƙwayar gobe da jibi ba. Rugage ba su ji shela ba. Wannan ba a ƙauyen kaɗai ya faru ba. A ƙasashen bakwai gaba ɗaya, a kowane wata ana samun wajen yara 76 cikin 100, amma waɗanda suka sha duka zagaye huɗu ba su wuce 55 cikin 100 ba.

## 2016 zuwa 2017: gida-gida

Abu biyu suka sauya. Na farko, aka samu ƙwaya mai narkewa a ɗan ruwa cikin cokali, mai ɗan zaƙi. Daka da sukari suka kau, amai ya ragu, aikin da ke cin minti goma ya koma na biyu ko uku.

Na biyu shi ne aka bar gindin bishiya aka shiga gidaje. Masu rabo biyu-biyu, ɗaya da magani ɗaya da rajista, na tsawon kwana huɗu kowane wata. A ƙauyen an lura da wuri cewa namiji ba ya wuce zaure, don haka kowace ƙungiya sai da mace. Aka kuma mayar da fita sassafe kafin a tafi gona, da yamma bayan la'asar. Gidan da aka gama a yi masa alama da alli a bango. Gidan da aka tarar yaro ba ya nan a yi wata alamar daban, a dawo. Aka ware yini guda na rugage, da ɗan rakiya mai jin Fulatanci.

Tunda an riga an shiga gida, sai aka haɗa da awon damtse. Ɗan tef ne mai launi uku: kore lafiya, rawaya a kula, ja a tafi likita yau. Yaran da tamowa ta fara ci, waɗanda da sai sun kumbura za a gan su, aka riƙa tsinto su tun da sauran ƙarfi.

Yaron nan na tsakiya da aka bari wajen kaka, a wannan shekarar a ɗakin kakar aka same shi. Tsohuwar ta ce ita ba ta yarda a ba mai lafiya magani ba. Mai rabo ta durƙusa ta ce, «Inna, ai ba a jiran ruwa ya sauko kafin a yi yaɓen soro.» Tsohuwa ta yi dariya, ta ce a ba shi, amma ita za ta riƙe sauran biyun. Ta ƙulle su a bakin zane.

Sakamakon shirin a ƙasashen bakwai ya fito a mujallar The Lancet a 2020. A 2016 an raba magani sau fiye da miliyan 25 ga yara wajen miliyan bakwai da rabi. Yaron da ya sha yana samun kariyar kashi 88 cikin 100 a kwana 28 na farko. A Burkina Faso mutuwar maleriya a asibiti lokacin damina ta ragu da kashi 42, a Gambiya da kashi 57. Kuɗin kare yaro ɗaya a shekara ya kama dala 3.63, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. A ƙauyen ba wanda ya riƙe alƙalami yana ƙirga, amma mai amalanken da ake tasa da tsakar dare ya san an rage buga masa ƙofa.

Da kuɗin Unitaid ya ƙare, shirin bai tsaya ba. Asusun Duniya, wanda CRS ke riƙe da kuɗinsa na maleriya a Nijar a lokacin, da wasu masu ba da tallafi suka ɗauka.

## 2018: ƙwayar gobe da ta jibi

Daminar 2018 ta tuna wa kowa cewa ba a gama ba. A Satumba MSF ta ba da sanarwar cewa yara 730 ne kwance a sashen yara na asibitin Magarya, kuma a watan da ya gabata kimanin goma ke rasuwa kowace rana, galibi maleriya da tamowa. Magarya kuwa tana cikin wuraren da suka fi daɗewa da maganin damina.

Wani bincike da aka yi a can ya taɓo inda gizo ke saƙa. An tambayi iyaye, mafi yawa suka ce sun ba da maganin kwana ukun duka. Da aka auna amodiaquine a jinin yaran, sai ya nuna waɗanda suka sha cikakke ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Wanda ya zauna a ƙauyenmu ba zai yi mamaki ba. Ta farko a gaban mai rabo ake sha. Sauran biyun a hannun uwa ake bari, ita kuma tana da nata lissafin. Yaro lafiyarsa lau, ga magani mai kyau kyauta, ga likita nesa: me zai hana a adana don ranar da jiki ya yi zafi? Wata kuma tana da ɗan shekara bakwai da aka ce ya wuce shekaru, alhali shi ma a ɗaki ɗaya sauro ke cizon su, sai ta raba, kowa ya samu ɗaya. Wata yaron ya yi kasala ko ya yi amai ranar farko, mai gida ya ce a bari haka nan. Wata mantuwa ce kawai, tsakanin daka da ɗiban ruwa da kai abinci gona. An sha ganin fakiti da ƙwaya biyu a soke a jinka, ko a cikin kwalla tare da katin awo.

Abin da aka yi a garin ba sabon magani ba ne. Masu rabo suka riƙa komowa wasu gidaje a rana ta biyu da ta uku, suna cewa a nuna musu fankon fakiti. Aka nemi wasu dattawan mata da ake jin maganarsu, har da ungozoma, kowace ta riƙe gidajen da ke kusa da ita tana tunatarwa. Bayanin ma aka sauya shi. Da ana cewa «ki ba shi gobe da jibi». Yanzu sai a ce ta farko ta fara aiki ne kawai, biyun nan su ne ke tsare shi har wata ya zagayo, kuma in an ajiye su ba za su warkar da yaron da ya riga ya kwanta ba. Haɗa shan da wani abin da ba a mantawa, kamar kunun safe, ya taimaka. Tsohuwar nan mai ƙulli a bakin zane tana cikin waɗanda aka ba gidaje.

## 2020 zuwa 2025

Annobar korona ba ta dakatar da rabo ba. Mai rabo ta tsaya nesa kaɗan, ta ajiye fakiti, uwa ta narkar ta ba ɗanta a gabanta. Wannan dole ta koya wa mata da yawa yin abin da hannunsu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'ida, ta bar wa kowace ƙasa ta ƙara zagaye ko ta ɗaga shekaru gwargwadon yanayinta. Yaran da ke samun maganin a Nijar sun haura miliyan huɗu a shekara, a Afirka kuma sun kai miliyan 53 a 2023. A Satumban 2024 Nijar ta fara allurar riga-kafin maleriya daga garin Gaya na jihar Dosso.

Sai 2025 ta zo da nata. A Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID, wadda kusan rabin kasafin CRS daga wajenta yake fitowa. Ƙungiyar ta rage ma'aikata ta rufe ayyuka a ƙasashe da dama. Asusun Duniya ma ya zaftare kason da ya yi wa ƙasashe alkawari.

## Hukunci

Maganin tun ranar farko daidai yake. Abin da ya gaza a 2015 shi ne zaton cewa macen da ke noma da daka da goyo za ta ajiye komai sau huɗu a damina ta bi layi. Da aka kai mata har ɗaki, a lokacin da take gida, ta hannun macen da ta sani, sai ta karɓa. Gidan sauro da jinya kyauta ma ba asara ba ne, sai dai ɗaya yana buƙatar a shiga ɗaki da wuri, ɗayan yana buƙatar a tsallake fadama.

A ganina abin yabo a aikin CRS a nan shi ne ta yarda ta riƙe ɓangaren da ba ya fitowa a hoto: kwali ya iso kafin ruwa, zagaye ya zo a kwana 28 ba 40 ba, rajista ta dawo a cike. Kwana goma na jinkiri a Satumba yaro ne a kan amalanke. Ta kuma bar gaba ga ma'aikatar lafiya da mai gari da liman. Shi ya sa a shekarar da aka ƙona coci a Damagaram, kuɗin da ya bi ta hannun ƙungiyar Katolika ya zama magani a bakin jikokin mai gari ba tare da an yi gardama ba. Mafi yawan matan garin har yau ba su san sunanta ba. «Maganin likita» suke cewa.

Inda nake ganin an yi sakaci, duk masu shirin ba ƙungiya ɗaya ba, shi ne daɗewar da aka yi ana ƙirga fakitin da aka miƙa a matsayin yaron da aka kare. Rajista tana nuna ranar farko ne kawai. Sai da aka duba jini aka yarda da abin da kowace mai rabo ta sani tun tuni. Komowa rana ta biyu da ta uku ta rage ɓarakar, amma tana cin kuɗi, kuma ita ce irin abin da ake fara yankewa idan kasafi ya matse.

Sauran matsaloli biyun ba a hannun ƙauyen suke ba. Ƙwayar da man babur da alawus ɗin masu rabo, kusan duka daga waje suke zuwa, bayan shekara goma ana yi. Sannan iyakar wata 59 da zagaye huɗu ba su san da damina mai jan ƙafa ba. Yaron nan na tsakiya ya fita daga rajista tuntuni. A Nuwamba, mako biyar bayan zagayen ƙarshe, tabki bai ƙafe ba, amalanke yana tsallaka fadama jefi-jefi, kuma wanda ke kwance a kai sau da yawa ɗan shekara shida ne zuwa tara, ƙaninsa da ya sha magani yana zaune a gefensa.